Makullin da Motar Baba Ta Manta

Asabar, 4 ga Oktoba

Sabon makullin ya iso jiya, yau na kai wa mai yankan makulli da ke bayan shagonmu. Ya ɗaure tsohon a gefe ɗaya na injinsa, sabon a ɗaya gefen, ya yi ta gurza har haƙoransu suka zo ɗaya. Da ya miƙo mini sai ya ce yanka kawai ya yi, zai buɗe ƙofa amma ba zai tayar da mota ba sai an gabatar da shi ga kwamfutar motar, in kawo masa ita ya ƙarasa. Na yi masa irin murmushin da nake yi wa masu kawo mini waya suna koya mini gyara. Ni da nake wuni ina farke cikin wayoyin mutane, 'yar ƙwayar da ke cikin kan makulli ce za ta gagare ni? Na'urar yin hakan ma na riga na aro wajen maƙwabcin shagona mai gyaran rediyon mota.

Makulli biyu motar Baba take da su tun asali. Ɗaya yana aljihunsa kullum, ɗayan kuwa robarsa ta fashe tun tuni, aka naɗe shi da salatif aka jefa a durowar kicin, kowa ya manta da shi sai ni. Sabon da na sayo kamarsa ɗaya da na Baba, har maɓallan rimot ɗin. So nake in ba shi mamaki. Tun ranar da na kwance masa rediyo ina ƙarama na kasa mayarwa yake kira na Injiniya, rabi tsokana rabi alfahari. Bari dai in nuna masa sunan bai faɗi ƙasa banza ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

An gama. Baba ya taka zuwa dubiyar wani abokinsa a bayan layi, da makullinsa a aljihu kamar kullum, ni kuma na lallaɓa cikin motar. Na jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari. Ta ce in sa makulli na farko, na sa mai salatif. Ta ce in sa na biyu, na sa sabo. Ta fito da wani dogon bayani da ƙananan haruffa, na wuce shi kamar yadda kowa yake wuce irinsa. Ta tambaya ko akwai saura, na danna a'a.

Murɗawa ɗaya mota ta tashi. Sai da na tafa wa kaina ni kaɗai. Na ɓoye makullan a jakata, ranar Juma'a zan ba shi idan kowa ya hallara.

Litinin, 6 ga Oktoba

Garin neman gira.

Da safe ina ɗaura ɗankwali na ji motar tana ta kuka a tsakar gida, inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Na makara, ban tsaya ba, na ce wa Baba ƙila batir ne na fita. A shago ina ba mai rediyo labarin bajintata ya katse ni ya ce makulli nawa na sa. Na ce biyu. Ya ce nawa motar take da su. 

Ashe ita na'urar ba ƙari take yi ba. Goge duk makullan da motar ta sani take yi, ta rubuta waɗanda aka sa mata a zaman nan kawai. Duk wanda bai halarta ba, mota ta manta da shi. Rimot ɗinsa zai ci gaba da buɗe ƙofa, ƙarfen zai murɗa, amma wuta ba za ta zo ba. Dogon bayanin da na wuce ke nan.

Ya ce in kwantar da hankalina, gyaran bai kai shan shayi ba. In haɗa duka ukun in sake daga farko.

Talata, 7 ga Oktoba

Da na sani da ban buɗe bakina a kicin ba.

Jiya da yamma na samu Umma tana yanka albasa, Yaya ya biyo daga aiki yana tsaye jikin firiji. Na ba su labarin ina dariyar kaina, na ce bari in karɓo makullin Baba in gyara. Ba wanda ya yi dariya. Suka kalli juna, sai Yaya ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na san Baba ya gogi ginshiƙin get kwanan baya, na san likita ya ce ruwan idonsa yana hawa kuma ya ƙi komawa. Abin da ban sani ba shi ne wanda Umma ta faɗa, wuƙa a hannu, ba ta ɗago ba. Makon jiya suna dawowa gab da magariba, wata mata da goyo ta tsallaka titi, Baba bai gan ta ba sam. Ihun Umma ne ya sa ya taka birki. Ta ce har yau tana ganin ƙafar yaron tana lilo a gaban gilashi.

Yaya ya ce ya yi masa magana ba sau ɗaya ba, amsa guda ce kullum: shi ya koya masa riƙe sitiyari. Gaskiya ne kuma. Rabin direbobin unguwar nan a hannun Baba suka koya, rayuwarsa duka malamin tuƙi ne, kuma bai taɓa taka ko kaza ba.

Suka ce in bar shi haka. Mota ta lalace, shi ke nan, ba faɗa ba ɓacin rai. Na ce na ɗan lokaci ne fa. Yaya ya ce e mana, na ɗan lokaci.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Baba ya cire batir ya kai caji, ya ɗauko shi da kansa a tasi. Bai bar kowa ya taya shi ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Yau ce ranar da na shirya ba shi kyautar. Tana nan cikin jakata, a aljihun da nake sa katin asibiti.

Bayan cin abinci ya kira ni wajen motar. Ya buɗe bonet, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan ƙarfen gaba don kada ya ƙarce fenti, ya jera fulogogi a kai kamar haƙoran da aka cire. Ya ce: «Injiniya, zo ki ara mini idonki. Ke kin san kayan zamani.»

Na sunkuya ina taɓa wayoyin da na san lafiyarsu ƙalau. Na ce ƙila famfon mai ne. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, ya ji daɗi da bakinmu ya zo ɗaya. Har dafa kafaɗata ya yi.

Ban iya cin 'ya'yan itacen da Umma ta yanka ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Baba yana da wata magana da yake yi wa duk ɗalibinsa: mota ba ta ƙarya, in ta ƙi tashi akwai abin da take faɗa maka. Yau ya maimaita mini ita har da ɗaga yatsa.

Tana faɗa masa kuwa. Akwai 'yar jar fitila mai hoton makulli a gefen agogon gudu, duk lokacin da ya murɗa sai ta yi ta ƙiftawa. Ma'anarta mota ba ta gane wannan makullin ba. Ina tsaye jikin taga ina kallonta, ina jiran ya tambaye ni. Bai tambaya ba. Ina ga hankalinsa yana kan ƙarar injin ne.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ya kira makanikensa, wanda kowa yake ce wa Mai Sifana. Shi ma ɗalibin Baba ne tun yana saurayi, yanzu har ya yi furfura amma a tsugune yake gaishe shi. Na dawo daga shago da wuri don in kasance a wurin, kamar ɓarawon da ya koma ganin inda ya yi sata.

Ya shiga ya murɗa sau ɗaya, ya dubi gaban motar, ya ɗago ya dube ni. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya fito ya daɗe yana goge hannun da bai ɓaci ba, sannan ya ce wa Baba sai ya yi tambaya tukuna, abin na lantarki ne. Baba ya ce ya ɗauki lokacinsa.

Na raka shi bakin get na yi masa bayani cikin raɗa, har da matar nan mai goyo. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya fahimta, shi ma ya lura da yadda Malam yake laluben hannun mutum idan za su gaisa. Amma kada a sake kiran sa, domin ya yi wa malaminsa ƙarya sau ɗaya, ba zai yi ta biyu ba.

Yanzu mu huɗu ke nan muka sani. Biyar da mai rediyo. Mai motar ne kaɗai bai sani ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Abin haushi shi ne gidan ya yi daɗi. Umma tana barci da rana yanzu, da kuwa in Baba ya fita sai ta yi ta zarya tsakanin falo da get. Yaya yana zuwa ya kai shi duk inda yake so. Ni ma, tunda nan ba mai karantawa sai ni, na daina firgita idan wayata ta yi ƙara ina shago.

To laifin me nake ji? Na tambayi Yaya haka a waya. Ya ce rigakafi ya fi magani, in daina sa wa kaina damuwa. Shi da sauƙi. Ba shi ake kira ya riƙe tocila ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Yau asiri ya so tonuwa, sai ya tonu ta inda ban zata ba.

Da hantsi Umma ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar banɗaki. Ban fita shago ba tukuna. Yaya yana can ƙarshen gari, tasi kuma a layinmu sai an taka zuwa babban titi. Baba ya tallafo kanta yana kiran sunan Allah, ya ce mini in ɗauko makulli a jikin ƙusa in gwada ko za a dace.

Na ɗauko nasa daga ƙusa, na fizgi jakata. A cikin motar na jefa nasa a cinyata na sa nawa. Kamarsu ɗaya, ai ni na zaɓo. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Baba yana baya da Umma a jikinsa. Ta madubi na ga ya ɗago kai.

Sukarinta ne ya sauka, suka sa mata ruwa, kafin la'asar ta warware har tana faɗan wa ya bar tukunya a wuta. Mun gode Allah. Da muka dawo na mayar da makullinsa jikin ƙusa. Yana ta murna, yana cewa ashe motar ta san ranar da ake buƙatarta.

Laraba, 22 ga Oktoba

Da sassafe ya yi wanka ya sa hularsa ta fita. Na ji ƙarar rimot, na ji ya rufe ƙofa. Sai kukan nan na inji da ya ƙi kamawa. Ya yi ta yi har batir ya fara ja.

Ban fito ba. Na zauna bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa har ya gaji.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ya tare ni zan fita. Ya ce in nuna masa yadda na yi ranar nan. Na ce ai ba wata dabara, sa'a ce kawai. Ya ce a'a, in nuna masa. Ya ɗaga hannunsa a iska yana murɗa makullin da babu, ƙafarsa tana taka kulocin da babu. Ya ce: «Haka ne ko? Ba abin da na tsallake?»

Na ce haka ne, Baba.

Ya tsaya yana kallon hannun nasa kamar na aro.

A bas na tuna da Kawu, yayan Baba, Allah ya jiƙansa. Tela ne, kuma farkon abin da aka fara gani shi ne ranar da ya zauna gaban kekensa ya rasa ta inda ake zura zare. Daga nan sunayen 'ya'yansa suka bi, daga nan hanyar gida. Baba ne ya yi jinyarsa har ƙarshe, shi yake bin unguwanni da mota yana cigiyarsa. Ta yaya aka yi ban yi wannan tunanin ba tun farko? Sai da na wuce tashar da nake sauka.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ya daina buɗe bonet. Ya naɗe tawul ɗin ya ajiye.

Da a ce fushi yake da na fi samun sauƙi. Shiru yake. Jiya ya tambayi Umma yau wace rana, ta faɗa masa, ya ce daidai ne, haka shi ma ya ƙirga. Ya nemi tabarau ɗinsa ya gan shi a aljihun gaba, abin da yake faruwa da shi tun ina goye, da sai dai ya yi dariya ya ce Ummanku ce ta ɓoye. Wannan karon ya zauna ya riƙe shi a hannu ya daɗe. Ɗazu na ji shi a ɗaki yana jero sunayen jikoki ɗaya bayan ɗaya, ƙasa-ƙasa, ya kai ƙarshe ya sake daga farko.

Abincinsa rabi yake dawowa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ina shanya a bayan gida ya zo ya tsaya yana miƙo mini abin maƙale kaya. Bai taɓa yi ba. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, su Yaya za su ɓoye masa don tausayi, Umma kuma ba za ta iya ba.

«Ke ce ba kya rufa-rufa. In kin ga na fara irin na Kawunku, ki faɗa mini tun ina gane magana. Kin yi alkawari?»

Na ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba. Na ce na yi alkawari.

Ni ce ba na rufa-rufa. Ni. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na kira Yaya daga shago na ce zan faɗa masa gaskiya. Ya ce in na yi haka kuma ya fita ya taka ɗan wani, a wuyana. Na ce to in ya haukatar da kansa da tunani fa, a wuyan wa? Ya ce ina zuzuta abin ne, tsufa ne kawai, zai saba. Na ce ba ka ji shi yana ƙirga jikoki ba. Muka yi ta yi har mai rediyo ya leƙo. A ƙarshe ya ce tunda ni na ɓata in yi yadda na ga dama, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi ba.

Kuma bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ƙafar yaron nan ni ma yanzu ina ganinta, alhali ba na wurin.

Umma kuwa da na gaya mata sai ta yi ta juya cokali a kofin da ba komai. Ta ce ita dai mijinta take so a dawo mata da shi, wannan na zaune a falo ba shi ba ne. Amma in bari ta fita gidan ƙanwarta tukuna, ba za ta iya kallo ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na sake aro na'urar. Wannan karon na karanta dogon bayanin har ƙarshe, layi uku ne kacal ashe.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Umma ta fita da hantsi. Na samu Baba a falo, rediyo a kashe a gefensa. Na ce ya taso da makullinsa, na gano ciwon motar. Ya ce in bar ta kawai, ba motar ba ce. Na ce don Allah.

Ya zauna mazaunin direba, na zagaya na zauna gefensa. Na fito da makullan biyu na ɗora a tafin hannunsa kusa da nasa. Ya shafa su da yatsa, mai salatif ya gane shi nan take, sabon kuwa ya yi ta juya shi. Sai na faɗa masa komai. Kyautar, na'urar, bayanin da na tsallake, kicin, Mai Sifana, musanyar da na yi ranar Umma. Ban sa sunan kowa a gaba ba, na ce ni na ɓata kuma ni na yarda a bari. Idona yana kan madubin gefe.

Ya rufe tafinsa a kan makullan. Sannan ya ce: «Wato ba kaina ba ne.»

Na ce ba kanka ba ne, Baba, wallahi ba kanka ba ne.

Ya sauke wani numfashi da ban taɓa jin irinsa ba, ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa. Ya cire hula ya shafa kansa ya mayar. Na ɗauka an wuce wurin. Sai ya juyo ya kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa har na manta.

«Kina kallona ina zargin hankalina, makullin yana jakarki.»

 Don in samu abin yi da bakina sai na ce ya sa nasa ya murɗa in nuna masa. Ya murɗa. Na ce ka gani, ita motar ba ta yi maka ƙarya ba, tun ranar farko take faɗa, ga fitilar nan tana ƙiftawa.

Ya ce: «Wace fitila?»

Na nuna da yatsa. Ya sunkuya. Ya gyara tabarau, ya ƙara matsowa har goshinsa ya kusa taɓa sitiyari, ya karkatar da kai gefe, sannan ya ce, a hankali, ja ce ko. Na ce ja ce. Ya ce kullum tana yi? Na ce kullum.

Ya koma ya jingina. Tsakaninsa da ita bai kai kamu biyu ba, shi da yake hango ɗalibi zai yi kuskure tun ɗalibin bai motsa ƙafa ba. Na ga lokacin da matar nan mai goyo ta faɗo masa a rai.

Na jona na'urar. Ta nemi makulli, na ce ya sa nasa a farko. Sai mai salatif, sai sabo. Ta tambaya ko akwai saura, na duba hannunsa na duba nawa kafin in danna. Ya mayar da nasa ya murɗa, mota ta tashi, fitilar ta mutu. Ya rufe ido yana sauraren injin, ya ɗan taka mai, ya ce fulogi ɗaya bai zauna daidai ba, shi ya ɗaura shi cikin ɓacin rai. Sannan ya kashe, ya sa makullinsa a aljihu, ya shiga gida. Bai ce na gode ba, bai ce na yafe ba.

Makullinsa yana aiki yanzu. Get kuma ba kwaɗo.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Da safe na ji ta tashi. Na miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki, buroshi a baki, ina jiran ƙarar get. Ya bar ta ta yi ɗumi, ya kashe.

Ya cinye abincinsa tas, ya nemi ƙari. Da Umma yana hira har da tsokana. Yaya ya zo, ya amsa gaisuwarsa a taƙaice. Ni kuwa sunan yanka, shi ma sai in ya zama dole.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Kullum haka. Ta tashi, ta yi ɗumi, ta mutu. Kullum ni ma a tsaye.

Na kawo masa shayi ya ce in ajiye a nan.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yau da ta tashi bai kashe ba. Na ji ya danna oda sau biyu. Na fito da gudu ba takalmi, na same shi ya buɗe get da kansa, ya zagaya ya zauna a gefen mai zaman banza, ya ɗaura bel, katin asibitin ido a cinyarsa. Makullinsa ne a jiki. Ya ce in za ni a haka to, in kuma zan sa takalmi in hanzarta, layi ake yi.

Tun daga get ya fara. Ina sakin kuloci kamar ina jin haushinsa, ina matse wa na gaba, wa ya koya mini riƙe sitiyari da hannu ɗaya. Na ce kai ne. Ya ce ƙarya nake yi masa. Maganar ta faɗi a inda ba a so.

A babbar mahaɗa danja ta tsayar da mu. Ina ta tunanin abin da zan ce in gyara, ban lura ba. Ya ɗan leƙa gaba, ya ƙanƙance ido, ya koma ya jingina.

«Waccan fitilar, ja ce har yanzu ko ta canza?»

Na ce ta zama kore, Baba.

«To me kike jira, Injiniya?»

Likita ya ce na hagun ya yi nisa, na daman za a iya riƙe shi da magani in ana zuwa a kan lokaci. Ranar Asabar mai zuwa za mu koma. Da muka dawo ya zare makullin ya sa a aljihunsa, ban kuma bi hannunsa da kallo ba, sai yanzu da nake rubutu na lura. Wataƙila bakinsa ne kawai ya suɓuce da ya ce Injiniya a danjar nan. Ban tambaya ba.

Gobe zan mayar wa mai rediyo na'urarsa.